Ƙidayar Fayiloli Iri Ɗaya a Folda Mai Cunkoso: Nazarin Wani Shiri da Ya Yi Nauyi

Lamarin da za a duba a nan ya shafi wani sashe na adana takardu, inda na'urorin ɗaukar hoton takarda suke zuba hotunansu a folda guda da ke kan wata uwar garke mai amfani da Linux, sauran kwamfutocin kuma suna isa ga foldar ta hanyar sadarwa da tsarin NFS. Da zarar hoto ya shigo, wata manhaja takan karanta rubutun da ke jikinsa, ta ajiye shi a fayil mai wutsiyar .txt a cikin foldar dai, tare da wani fayil na bayanai idan takardar tana buƙata. Aikin shirin da ake nazari ƙarami ne ƙwarai: kowane minti ɗaya ya ƙirga hotunan, ya ƙirga fayilolin rubutun, ya ɗebe na biyu daga na farko, sannan ya nuna wa ma'aikata yawan hotunan da ke jiran aiki. Da Python aka rubuta shi, kuma muddin foldar tana da 'yan dubbai, babu wanda ya san da zamansa. Domin lissafi ya fito sarari, a ɗauka foldar ta kai abu 400,000, daga ciki 150,000 hotuna ne, ragowar kuma fayilolin rubutu da na bayanai. Alƙaluman na misali ne, amma irin wannan girma ne folda takan kai idan ana zuba mata kullum ba a kwashewa.

Ga shirin kamar yadda aka fara rubuta shi:

```python
import os

def kirga(folda, wutsiya):
    jimla = 0
    for suna in os.listdir(folda):
        hanya = os.path.join(folda, suna)
        if os.path.isfile(hanya) and suna.endswith(wutsiya):
            jimla += 1
    return jimla
```

Da foldar ta cika, shirin ya daina gamawa a cikin minti ɗaya. Tun da cron, shirin da ke tayar da shi kowane minti, ba ya duba ko na baya ya ƙare kafin ya tayar da sabo, sai kwafin shirin suka riƙa taruwa, kowanne yana jan uwar garken ta gefensa, har manhajar karanta rubutun, wadda ita ce ainihin aikin sashen, ta fara jin jiki.

Inda lokacin yake tafiya

Zargin farko ya faɗa kan Python, wai harshe ne mai nawa. Wannan zargi bai da tushe a nan, domin ƙara ɗaya a kan jimla sau dubu ɗari huɗu aiki ne da ba ya cin ko daƙiƙa guda. Abin da ya warware gardamar shi ne umarnin `strace -c`, wanda yake ƙirga buƙatun da shiri ya miƙa wa babbar manhaja, wato Linux ɗin kansa, ya kuma nuna lokacin da kowane iri ya ci. Ya nuna cewa kusan dukkan buƙatun na neman bayanan fayil ne ɗaya bayan ɗaya, wato dangin `stat`.

Dalilin yana cikin yadda aka gina folda. A Linux da sauran dangin Unix, folda kamar rajistar masu masauki ce: tana ɗauke da sunan kowane fayil da lambar ɗakinsa, amma girmansa da ranar da aka taɓa shi da izinin da ke kansa suna can cikin ɗakin, a wani wuri dabam na faifai da ake kira inode. Karanta rajistar abu ne mai araha, domin ana kwaso sunaye da yawa a tafiya guda. Zuwa ɗaki kuwa tafiya ce ta musamman ga kowane fayil. Umarnin `os.listdir` yana karanta rajistar ya dawo da sunaye zalla, shi kuma `os.path.isfile` ba shi da hanyar sanin ko suna na fayil ne ko na folda sai ya aika buƙatar `stat`.

A lura da jerin sharuɗɗan da ke cikin shirin. An sa `isfile` a gaba, duba wutsiya a baya, alhali Python yana tsayawa da zarar sharaɗin farko ya faɗi. Ke nan shirin yana biyan kuɗin tambaya mai tsada a kan kowane abu da ke foldar, har da waɗanda kallon sunansu kaɗai ya isa a watsar da su. Ga shi kuma ana kiran aikin sau biyu, ɗaya don hotuna ɗaya don rubutu, wanda ya mayar da buƙatun 800,000 a kowane zagaye. Idan aka ɗauka kowace tambaya da ta tsallaka hanyar sadarwa tana cin rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, to kira ɗaya daƙiƙa 200 ke nan, biyu kuma 400. A zahiri ajiyar wucin gadi da NFS yake yi takan rage wannan adadi, kuma tun siga ta 3 yana da hanyar kawo bayanan fayil tare da sunansa, sai dai bayanan da aka ajiye suna tsufa cikin daƙiƙoƙi, a folda mai wannan girma kuwa na farko sukan lalace kafin a kai ga na ƙarshe.

Juya sharuɗɗan biyu kawai, a sa duba wutsiya a gaba, yana rage tambayoyin ƙidayar hotuna daga 400,000 zuwa 150,000. Gyara ne na kalmomi biyu da ya cancanci a yi shi nan take, amma bisa lissafin da ke sama daƙiƙa 75 ne, har yanzu ya haura minti.

Gajeriyar hanyar da ta ba da sifili

Shawara ta biyu ita ce a bar Python a koma fagen umarni, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, a rubuta `ls *.jpg | wc -l`, inda `ls` yake jera sunaye, `wc` kuma ya ƙirga su. Wannan ita ce amsar da kowa ya sani, kuma a ƙaramar folda ba ta da laifi. A wannan folda kuwa ta haifar da matsalar da ta fi jinkirin muni. Ba `ls` ne yake fassara tauraron ba. Fagen umarnin ne yake buɗe shi, ya jera sunayen duka, ya miƙa wa `ls` a matsayin dogon umarni guda. Linux yana da iyaka ga tsawon abin da za a miƙa wa sabon shiri, wadda a saitin da aka saba take kusan megabayit 2. Suna 150,000 masu haruffa talatin-talatin sun kai megabayit 4.5, saboda haka `ls` ba ya ma tashi, sai dai a ga saƙon kuskure cewa jerin ya yi tsawo.

Abin tsoron shi ne `wc` yana tashi lafiya, ba ya samun komai, sai ya buga 0. Tun da sakamakon umarnin ƙarshe ne ake ɗauka a matsayin sakamakon umarnin biyu da aka haɗa, sai dai idan an kunna saitin `pipefail`, shirin da ke karɓar amsar bai ga alamar kuskure ba. Allon ma'aikata ya nuna babu hoto ko ɗaya da ke jira, a daidai lokacin da suka fi yawa. A ganina wannan ne wuri mafi haɗari a lamarin gaba ɗaya, domin jinkiri kowa yana ganinsa, amma sifili yana kama da labari mai daɗi.

Ko da bai faɗi ba, `ls` yana tsara sunaye bisa haruffa kafin ya buga su, aikin da mai ƙidaya ba ya buƙata, shi kuma `wc -l` layuka yake ƙirgawa, alhali Unix ya yarda sunan fayil ya ƙunshi alamar sabon layi. Wanda ya nace sai fagen umarni, hanyar da ta fi inganci ita ce `find . -maxdepth 1 -type f -iname '*.jpg' -printf '.' | wc -c`, inda `find` na GNU yake tace sunayen da kansa, ya buga ɗigo ɗaya a madadin kowane fayil, sannan a ƙirga ɗigogin.

Hanyoyi uku, amsoshi uku

An kuma gwada `len(glob.glob("*.jpg"))`, wato hanyar Python ta neman sunaye da tauraro, kuma ya yi sauri sosai, domin ba ya tambayar bayanan kowane fayil. Amma da aka jera amsarsa da ta shirin asali da ta `find`, babu biyu da suka yi daidai. A nan ne nazarin ya sauya alkibla, domin ya bayyana cewa tun farko ba a taɓa zama an faɗi abin da ake nufi da hoto ba.

Bambancin farko daga manyan haruffa ya fito. Wasu na'urorin suna rubuta .JPG, kuma Python a kan Linux yana ɗaukar babban harafi da ƙarami a matsayin abu biyu, don haka `endswith(".jpg")` da `glob` duk sun tsallake su, `find` kuma ya kama su saboda `-iname`. Da a Windows aka gwada wannan layin na `glob`, da ya kama su, domin a can ba ya bambanta girman harafi. Layi ɗaya ne, amsa biyu, gwargwadon kwamfutar da ya hau. Wata na'urar kuma .jpeg take rubutawa, wanda dukkan hanyoyin uku suka rasa.

Bambanci na biyu ya fi ɓuya. Kwamfutocin Mac, idan suka kwafi fayil zuwa ma'ajin da ba ya ɗaukar ƙarin bayanansu, sukan ajiye wani ƙaramin fayil a gefensa mai suna iri ɗaya, sai dai an sa masa ɗigo da ƙaramin layi a gaba, kamar `._shafi12.jpg`. Wannan ba hoto ba ne, amma wutsiyarsa ta hoto ce. Shirin asali yana ƙirga shi, `glob` kuwa ba ya ƙirga shi, domin tauraronsa ba ya kama sunan da ya fara da ɗigo. Tun da manhajar karanta rubutu ba za ta taɓa samar wa irin wannan fayil abokin .txt ba, sai ya zauna har abada a cikin adadin masu jira. Wanda zai koma `pathlib`, wani sashen Python na mu'amala da fayiloli, ya sani cewa `Path.glob` bai bi wannan ƙa'ida ba, yana kama masu ɗigon.

Na uku, `glob` suna kawai yake dubawa, saboda haka folda da wani ya raɗa wa suna mai ƙarewa da .jpg tana shiga ƙidayarsa. Akwai kuma mahaɗai, wato fayilolin da ba su ɗauke da komai sai nuni zuwa wani fayil: `os.path.isfile` yana bin mahaɗi ya ƙirga shi idan abin da yake nunawa fayil ne, `find -type f` kuma ba ya bi.

Sai da aka zauna da masu amfani da lambar kafin a taɓa shirin, aka tsayar da cewa hoto shi ne fayil na ainihi, ba folda ba, ba mahaɗi ba, wanda sunansa bai fara da ɗigo ba, kuma ya ƙare da .jpg ko .jpeg, da babban harafi ko ƙarami. An tayar da batun ko ya kamata a duba cikin fayil ɗin maimakon sunansa, tun da kowane hoton JPEG yana farawa da bayit FF D8 FF, kamar yadda PDF yake farawa da %PDF-. Hujjar tana da ƙarfi, domin suna yana iya yin ƙarya. Amma dubawar tana nufin buɗe kowane fayil da karanta shi da rufe shi, wanda ya fi `stat` tsada nesa ba kusa ba. An yanke cewa a yi wannan dubawa sau ɗaya, lokacin da fayil ya shigo, ƙidayar minti-minti kuma ta dogara da suna.

Shirin da aka tsayar

Python 3.5, wanda ya fito a 2015, ya zo da `os.scandir`, bisa shawarar da Ben Hoyt ya gabatar a takardar PEP 471. Tushen shawarar shi ne cewa babbar manhaja tana bayar da nau'in kowane abu tare da sunansa tun lokacin karanta folda, a Linux ta filin `d_type`, a Windows kuma ta `FindFirstFile` da `FindNextFile`, amma `os.listdir` yana zubar da wannan bayani ya bar suna kawai. Da aka sake gina `os.walk` a kan `scandir`, bayanin sigar ya ce saurinsa ya ninka sau 3 zuwa 5 a dangin Unix, sau 7 zuwa 20 a Windows.

```python
import os
from collections import Counter

IRI = {".jpg": "hoto", ".jpeg": "hoto", ".txt": "rubutu"}

def kirga(folda):
    jimla = Counter()
    with os.scandir(folda) as jeri:
        for abu in jeri:
            if abu.name.startswith("."):
                continue
            wutsiya = os.path.splitext(abu.name)[1].lower()
            iri = IRI.get(wutsiya)
            if iri and abu.is_file(follow_symlinks=False):
                jimla[iri] += 1
    return jimla
```

Ana ratsa foldar sau ɗaya a fitar da lambobin biyu. Ba a tara sunaye a ma'adana, domin `scandir` yana miƙo su ɗaya-ɗaya. Duba suna yana gaba, `is_file` kuma yana baya, kuma wannan jeri yana da amfani ko a nan: wasu tsare-tsaren ajiya ba sa cika filin `d_type`, sai su ce ba su san nau'in ba, a irin wannan hali Python yakan koma ga `stat` a ɓoye. Tsarin ext4 da Btrfs suna cika shi, XFS ma yana cikawa idan an tsara shi da `ftype=1`. Kalmar `with`, wadda `scandir` ya fara karɓa a Python 3.6, tana tabbatar da an rufe foldar ko da an fita daga zagayen kafin ƙarshe.

Ana iya ƙiyasta ribar da alƙalami. Linux yana karanta folda da buƙatar `getdents64`, kuma glibc, manhajar da ke shiga tsakanin shirye-shirye da Linux, yawanci yana ba ta wuri mai kilobayit 32 a kowace tafiya. Suna mai haruffa 30 tare da bayanan da ke rakiyarsa yana cin bayit 56, wato kusan suna 585 a tafiya guda, abu 400,000 kuma tafiya ƙasa da 700. A kwatanta wannan da 800,000 na shirin asali.

Tarko ɗaya ya rage ga wanda zai faɗaɗa shirin. Da zarar an ce a haɗa da girman fayilolin ko a ware na yau kaɗai, dole a kira `abu.stat()`, kuma a Unix wannan buƙata ce ta musamman ga kowane fayil, don haka tsohuwar matsalar za ta dawo. A Windows kuwa waɗannan bayanai suna zuwa tare da sunan, abin da ya sa shirin da ya yi sauri a kwamfutar mai rubuta shi yake iya yin nawa a uwar garke.

Wajen gwada sauri an yi hattara da abu guda: zagaye na biyu kusan kullum ya fi na farko sauri, domin Linux ya riga ya ajiye foldar a ma'adana. Duk wanda ya gwada tsohon shiri da farko, sabo kuma a bayansa, ya ba sabon fifikon da ba nasa ba. Ana share ajiyar ta rubuta 3 a `/proc/sys/vm/drop_caches` kafin kowane gwaji, a kwamfutar gwaji ba wadda ake aiki da ita ba.

Abin da gyaran shiri bai iya ba

Sabon shirin ya koma gamawa a cikin lokacinsa, an kuma sa masa `flock` domin kada kwafi biyu su yi aiki tare. Amma abu biyu sun saura waɗanda babu salon rubutun da zai kawar da su.

Na farko, tsare-tsaren ajiya da aka saba ba sa riƙe adadin fayiloli bisa wutsiya, don haka kowace ƙidaya dole ta karanta kowane suna, kuma idan foldar ta ninka, lokacin zai ninka. Na biyu, ƙa'idar POSIX, wadda dangin Unix suke bi, ba ta yi alkawarin komai ba game da fayil ɗin da aka ƙara ko aka cire bayan an buɗe folda: yana iya fitowa a jerin, yana iya ƙin fitowa. Ke nan lambar da shirin yake bayarwa kusan daidai ce kawai muddin ana rubutu a foldar, kuma ɗebe babbar lamba daga wata babbar lamba domin a sami ƙarama hanya ce da ƙaramin kuskure yake zama babba. Ga kuma hoton da na'ura ba ta gama rubutawa ba, wanda tuni yake ɗauke da sunansa na ƙarshe.

An duba `inotify`, wanda ya shiga Linux a 2005, mai sanar da shiri duk lokacin da aka ƙirƙiri fayil ko aka goge shi, ta yadda za a riƙe jimla ana ƙarawa ana ragewa. An ajiye shi gefe, domin kwamfutar da ke kallon folda ta NFS ba ta jin canjin da wata kwamfuta ta yi, kuma layin sanarwarsa yana iya cika ya zubar da wasu, wanda zai tilasta sake ƙidaya daga farko.

Maganin da aka ɗauka a ƙarshe na tsarin folda ne, kuma an aro shi daga Maildir, tsarin ajiye wasiƙun imel da Daniel J. Bernstein ya ƙirƙiro wa manhajarsa ta imel mai suna qmail, mai folda uku: `tmp` da `new` da `cur`. Na'ura tana rubuta hoto a folda ta farko, idan ta gama a sauya masa wuri zuwa ta biyu da `rename`, wanda a cikin ma'aji ɗaya yake faruwa gaba ɗaya ko ya ƙi faruwa gaba ɗaya, babu rabi. Manhajar karanta rubutu idan ta gama da shi ta tura shi ta uku. Da wannan, yawan hotunan da ke jira ya zama yawan abin da ke folda ta biyu kawai, wadda ba ta wuce 'yan ɗaruruwa, babu ɗebewa, babu hoton da ba a gama rubutawa ba. Folda ta uku kuma an rarraba ta bisa shekara da wata, irin dabarar da Git, manhajar adana tarihin canje-canjen shiri, yake yi na raba abubuwansa a ƙananan folda har 256 bisa haruffa biyun farko na lambarsu, cikakkiyar ƙidayarta kuma ta koma sau ɗaya a dare.

Wajen kwashe tsohuwar foldar an ci karo da wata ɗabi'a ta ext4: folda da ta kumbura ba ta komawa ƙarama don an cire abin da ke cikinta, kuma karanta ta yana ci gaba da ratsa guraben da aka bari. Saboda haka ba a mayar da ita foldar masu jira ba. An ƙirƙiri sababbi uku, aka kwashe kayan, aka goge tsohuwar, sannan aka gyara adireshin da ke cikin na'urorin.